ALLON ASIBITIN KUKAR MATI

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo tun asuba wai na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, kwananmu huɗu babu wuta, sai ɗazu na sami caji a shagon maƙwabta. Waɗanda suka shigo jiya-jiya kuma ku fara daga nan, ba za ku ɓata ba.

*

Ko da Hafsatu ta isa harabar asibitin sha-ka-tafi na Kukar Mati, an riga an sauke allon daga kan katanga, an kwantar da shi a gindin darbejiya, mutane sun kewaye shi.

Allon nan ita da yayanta Uwaisu suka yi shi wata bakwai da suka wuce. Shi ya yanka ƙarfen ya yi walda. Ita ta zana haruffan, ta yanka gilashin roba, ta jera ƙwayayen fitila a ciki ta haɗa su da sola. Fuska biyu gare shi, ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon cikin asibiti. Magariba na yi yake kamawa da kansa, tun daga kwanar hanyar Minjibir ake hango shi.

Yau da rana tsaka, mata na layin karɓar abincin yara masu tamowa a jikin katangar, fuskar da ke kallon titi ta tsage ta rufto a kan Huseina matar Nababa. Allah ya tsare goyon da ke bayanta, amma ita sai da aka yi mata ɗinki shida a ka.

Hafsatu ta yi sallama. Amsar da ta samu ba ta da yawa.

Malam Abdussalam, tsohon hedimasta kuma shugaban kwamitin asibitin, yana zaune a kan benci da sandarsa tsakanin ƙafafu. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ina yayan naki?"

"Yana Ungogo tun safe, Malam, ya je ɗaura wata ƙofa. Na kira shi, yana hanya."

"Yau ɗin ce ya ga damar zuwa Ungogo."

"Tun shekaranjiya aka yi da shi."

"Haka ne," in ji Malam, da irin muryar da ke nuna ba haka ba ne.

Nababa ya matso. Hannun rigarsa duk jinin matarsa ne ya bushe a kai.

"Tun ranar da aka ɗora abin nan na faɗa. Na ce ƙarfen bola ne. Wa ya taɓa ganin sabon kaya da tsatsa? Aka ce ni manomin gyaɗa ne, me na sani. To ga shi nan."

Hafsatu ta russuna.

"Baba, Allah ya ba Iya Huseina lafiya. Wallahi tun da na ji ban zauna ba."

"Ba addu'a na zo nema ba."

"Na sani. Amma ka bar ni in duba."

"Ki duba me? Ga tsatsa nan kowa na gani."

"Tsatsar ba ita ta kayar da shi ba, Baba. Ƙarfen jikin kwantena ne, irin wadda ke shekaru a kan teku. Haka aka yi shi, bayansa ya yi tsatsa ya tsaya nan, ita tsatsar ce ke zame masa riga. Buga shi da sanda ka ji."

Babu wanda ya motsa. Sai Malam Abdussalam ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa gefen allon. Ƙarfen ya amsa da ƙara mai kauri.

"To ƙarfe ya fita," in ji shi. "Saura robarku."

Hafsatu ta tattare hijabinta ta durƙusa.

Ta ɗauki babban ɓallin gilashin ta juya shi. Tsagar ta taso ne daga ramin noti na kusurwar sama, ta ratsa haruffan har ƙasa. Ta sa yatsa ta shafa bakin ramin. Ta matsa ga noti na biyu, da na uku.



Noti takwas ta ɗaura a kowace fuska, na farin ƙarfe da ba ya tsatsa. Kowanne da zoben roba biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da ɗan bututu mai faɗin yatsa da ke raba gilashin da ƙarfen. Yanzu uku daga ciki babu zobe ko ɗaya. An murɗe su tamau har kan notin ya nutse a jikin gilashin. A kusurwar ƙasa kuwa notin ma babu shi, sai wani farin gam da aka lafta. Ta ja shi da farce, ya ɗago gaba ɗaya, da garin tsatsa manne a bayansa.

"Me kika gani?" Malam ya tambaya.

"Wannan ba ɗaurina ba ne."

Wani daga baya ya yi tsaki.

"Dama haka za ta ce," in ji Nababa.

"Malam, dubi nan." Ta ɗaga gam ɗin. "Ban taɓa sa gam a jikin wannan ƙarfen ba, don ba ya kamawa. Tsatsar yake riƙewa, ita kuma ta sake shi. Sannan gilashin roba in rana ta buge shi buɗewa yake, in sanyi ya sauko ya koma. Shi ya sa nake huda ramin ya fi notin faɗi, in sa masa zoben roba, in bar masa wurin motsi. Wanda ya ɗaure wannan ya shaƙe shi ne. Ranar yau ta yi zafi, ya nemi inda zai buɗe ya rasa, ya tsage."

"Kina nufin wani ya kwance shi?"

"An kwance an mayar."

"Sau nawa?"

Ta dubi kawunan notin. Duk sun goge, sun yi ƙyalli a gefe.

"Ba sau ɗaya ba."

Malam Abdussalam ya gyara zama.

"Wa zai hau katanga ya kwance allo, ya bar batir, ya bar fitilu, ya mayar? Don me?"

"Ban sani ba."

Da gaske take a lokacin. Ta zura hannu cikin akwatin allon don ta duba wayoyin. Komai na nan yadda ta bar shi. Sai dai ƙasan akwatin, inda ya kamata ta ji ƙura, santsi ta ji. Ta shafa ta sake shafawa. Maiƙo ne. A can lungu yatsanta ya taɓa wani abu da ya maƙale a bakin walda. Ta zaro shi a hankali, hannunta na cikin akwatin, ta leƙa.

Kusurwar leda ce, fara da ja. Duk uwar da ke Kukar Mati ta san ledar nan. Ta abincin yara masu tamowa ce, mai ƙamshin gyaɗa.

Nan take lissafin ya haɗu a kanta.

Wata uku ke nan abincin yana ɓacewa daga sito. Kwamiti ya sa Mati mai gadi yana caje jakar duk ma'aikacin da zai fita, ba a taɓa kama kowa da ko leda ɗaya ba. Ƙarshe aka ce Zulaihatu, malamar jinyar da ke riƙe da makullin sito, ta zauna a gida har a gama bincike. Zulaihatu kuwa ƙawar Hafsatu ce tun suna aji ɗaya a firamare, kuma Hafsatu ta rantse a gidan biki, a gaban mata, cewa ƙazafi aka yi mata.

Ashe ba ta ƙofa kayan ke fita ba. Ta cikin allonta suke bi. A zuba ta fuskar ciki, a kwashe ta fuskar waje.

Ta buɗe baki za ta yi magana, idonta ya sake sauka a kan notin. Ta rufe bakin.

Ba irin notin da sifana ke kwancewa ba ne. Kansa rami ne mai tsinin tauraro, da ɗan ƙarfe a tsakiya. Ita da kanta ta zaɓo su a Kano don gudun ɓarayin batir, kuma makulli ɗaya tak aka ba ta da su.

Makullin yana wurin Yaya Uwaisu.

Ta dunƙule ledar a tafinta, ta janye hannun zuwa cikin hijabi.

"Me kika ɗauka?"

Muryar Malam ce. Bai ɗaga ta ba.

"Ba komai, Malam. Hannuna ne ya ɓaci."

"Na yi shekara talatin da ɗaya ina kallon hannun ɗalibai a ɗakin jarrabawa, Hafsatu."

Ta sunkuyar da kai.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce,

"Wane irin makulli ke kwance notin nan? Mati ya gwada sifana uku ɗazu, babu wadda ta kama. Sai da muka sa aka kwance ƙafafun allon gaba ɗaya."

"Akwai nasa daban."

"A wurin wa?"

"A shago yake."

"Ban ce a ina ba. Na ce a wurin wa."

"Mu biyu ne a shagon, Malam."

"To madalla." Ya dogara sandar ya miƙe. "Ga yadda za a yi. Gobe da hantsi ke da yayanki ku same mu a ƙofar gidan mai gari. In aikinku ne ya yi rauni, ku faɗa, Nababa ya san inda zai kai ƙara. In kuma wani ne ya kwance, ku zo da sunansa. Kada ku zo mini da zancen zoben roba kawai."

Nababa ya ce, "Ni ba zan jira hantsi ba in jikinta ya rikice."

"Za ka jira," in ji Malam.

Hafsatu ta miƙe. Tana dab da ƙofa ta ji an kira sunanta a hankali.

Zulaihatu ce tsaye a bakin famfo tana wanke hannu. Duk da an dakatar da ita, da jini ya ɓalle ɗazu ita aka aika a kira, don babu wanda ya iya ɗinki kamarta. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Ya jikin nata?" Hafsatu ta tambaya.

"Za ta tashi. Bai taɓa ƙashi ba."

"Alhamdu lillahi." Hafsatu ta matsa kusa, ta rage murya. "Zulai, ina jin na gano hanyar da kayan ke bi. In Allah ya yarda kin kusa fita daga wannan maganar."

Zulaihatu ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa yatsunta a ƙarƙashin ruwan, alhali sabulun ya daɗe da fita.

"Ki je gida, Hafsatu."

"Ba ki ji me na ce ba?"

"Na ji. Ki je ki huta, kin sha rana."

Hafsatu ta tsaya tana kallonta. Ta zaci murna. Ta ce a ranta, wahala ce, wanda aka yi wa ƙazafi har yakan manta yadda ake murna. Ta juya ta fita.

*

Shagon nasu a zauren gida yake, inda mahaifinsu ya yi ƙira har ya rasu. Ta tarar da babur ɗin Uwaisu a jingine, injin bai gama hucewa ba. Shi kuma yana zaune a kan guntun kwantena, ko hular kwano bai cire ba.

Daga tsakar gida ana jin Inna Kulu, mahaifiyarsu, tana ɓarar gyaɗa, da muryar Sauda, 'yar Uwaisu mai shekara biyu, tana gwaranci a gefenta.

"Na ji komai a hanya," ya ce. "Ya matar?"

"Ɗinki shida."

"Inna lillahi. Ya aka yi ya tsage? Ke ce fa kika ɗaure shi."

"Ni na ɗaure shi ranar farko."

Ya cire hular ya ajiye.

"Ban gane ba."

Ta tura ƙyauren zauren da ke kallon titi, ta dawo ta tsaya a gabansa. Ta buɗe tafinta.

Ya dubi ledar. Ya dube ta.

"Mene ne wannan?"

"Ka san ko mene ne, Yaya."

"Na san leda ce. A ina kika samo?"

"A cikin allon. Ƙasan akwatin duk maiƙon gyaɗa ne. An kwance fuska biyun ya fi a ƙirga, an zubar da zobba, an ɓatar da noti ɗaya an toshe da gam."



"Malam Abdussalam ya gani?"

"Abin da ka fara tambaya ke nan?"

"Ina tambaya ne in san inda muke."

"Bai gani ba. Amma ya san na ɓoye wani abu."

"Don me kika ɓoye? Da kin nuna masa, ai shi ke nan mun fita."

Ta ƙura masa ido. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Uwaisu mutum ne da in ya yi ƙarya kunnensa ke motsi, tun suna yara take kama shi da haka. Yau kunnen bai motsa ba. Ko dai gaskiya yake faɗa, ko kuma shekarun nan sun koya masa abin da bai iya ba a da.

"Yaya, makulli nawa ne ke kwance notin nan?"

Ya buɗe baki, ya tsaya. Ta ga lokacin da maganar ta isa gare shi.

"Hafsatu."

"Nawa ne?"

"Ni kike nufi?"

"Tambaya na yi."

"A'a, ba tambaya kika yi ba. Kin gama shari'arki tun a hanya." Ya miƙe. "Ni Uwaisu, ni zan kwance gilashi in mayar babu zobe? Ni zan lafta gam a kan tsatsa? Ko ɓarawo ne ni, ai ba jahilin aiki ba ne."

Wannan ta shige ta. Ta yi tunanin haka a hanya, ta kuma sami amsarsa.

"Mai sauri ba ya tsayawa neman zoben da ya faɗi a ciyawa. Kuma ba lallai hannunka ba ne. Aro ma ana bayarwa."

"Wa zan ba?"

"Kai za ka faɗa mini."

"Ban ba kowa ba."

"To bari in tambaye ka wani abu, kada ka yi fushi."

"Fushi kuma na nawa."

Ta san in maganar ta fita ba ta komawa.

"Bayan sallar layya ka kai Sauda asibitin nan. Aka auna damtsenta da igiyar awo mai launi aka ce bai kai ja ba, ruwan ɗorawa ne, ba ta cikin waɗanda za a ba abincin. Ka dawo nan ka zauna a kan ƙarfen nan kana kuka, ni na gan ka. Gashinta ya yi ja, ƙafarta ta fara kumbura. Masara ta gagari kowa, aiki ya tsaya, ko man babur sai ka yi kwana uku ba ka zuba ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Jiya na ɗauke ta, Yaya. Da ƙyar na ɗaga ta. Me take ci?"

Ya koma ya zauna a hankali.

"Kunu take sha. Inna ke dama mata."

"Kunun da mu ma muke sha? Mu muna ramewa, ita tana cika?"

"Allah ne ya ba ta lafiya."

"Allah ne. Ta hannun wa?"

Ya dafe kai da hannu biyu. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Kin san me? Na yi tunanin yin sata saboda yarinyar nan. Ba zan ɓoye miki ba. Na tsaya a bakin siton nan ranar da muka je ɗora allo, na ga katan-katan, daga baya da aka kore mu na dinga ganinsu a mafarki. Amma ban taɓa ba. In kina so in dafa Alƙur'ani, ɗauko."

"Ba na son rantsuwa. Makullin nake son gani."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In yana inda ka ajiye shi, da mansa da takardarsa yadda na naɗe, zan durƙusa in ba ka haƙuri."

Ya tashi. Ya jawo tsohon akwatin ƙarfe na mahaifinsu daga ƙarƙashin teburin aiki, ya ciro ɗan makullin kwaɗo daga aljihu ya buɗe. Ya ɗaga guduma, ya ɗaga zarto, ya zaro gwangwanin madara da ke can ƙasa.

Ya buɗe murfin.

Takardar tana nan. Ya warware ta.

Babu komai a ciki.

Ya zazzage gwangwanin a tafinsa, wasu tsofaffin kusoshi suka zubo. Ya juye akwatin gaba ɗaya a ƙasa, ƙarafa suka watse. Ya dinga tonawa da hannu biyu.

"A nan na sa shi. Wallahi a nan na sa shi."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Tun ranar da muka ɗora." Ya tsaya cak, yana durƙushe. Ya juyo a hankali. "Tsaya. Ranar da na je Tofa na kwana biyu, wa na bar wa makullin akwatin nan?"

"Ni. Don in ɗauki injin huda."

"To."

"To me?"

"Wace ce ƙawar mai riƙe da sito? Ni ko ke?"

Hafsatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Yaya, ka san me kake faɗa?"

"Yadda kika san abin da kike faɗa ɗazu. Wa ya san allon nan ciki da waje kamarki? Wa ya ce a yi akwatin da zurfi, na ce ɓarnar ƙarfe ce, kika ce don iska ta dinga ratsa fitilu? Wa ya isa wurin kafin ni, ya zura hannu, ya ɗauke shaida ya ɓoye?"

"Don kai na ɓoye."

"Haka kika ce."

"Da ni ce, zan kawo maka ledar in nuna maka?"

"Da ni ne, zan buɗe gwangwanin a gabanki?"

Shekara tara suna aiki a zauren nan, shi da wuta ita da reza, ba su taɓa kulle wa juna komai ba. Yanzu kowa na duba fuskar ɗan'uwansa kamar baƙon da aka haɗu da shi a tasha.

Sai a lokacin Hafsatu ta lura ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. Ba ta san tun yaushe ba.

Labulen buhu da ke raba zaure da tsakar gida ya ɗaga.

Inna Kulu ce, da Sauda a kafaɗa. Ta dubi ƙarafan da ke warwatse a ƙasa, ta dubi akwatin mijinta a kife.

"Ku tattara kayan mahaifinku ku mayar yadda suke."

"Inna, magana muke," in ji Uwaisu.

"Na ji irin maganar. Har maƙwabta sun kusa ji."

Ta sauke Sauda, ta zauna a kan turmin da ke bakin ƙofa. Ta jawo gefen zaninta, ta fara kwance wani ƙulli da haƙori.

Ta ajiye abin a kan teburin aiki. Ya yi 'yar ƙara.

Makullin notin ne. Bakinsa ya goge, jikinsa duk jan garin tsatsa.



"Ranar da ka tafi Tofa na ɗauka," in ji Inna. "Ita tana wanka, makullin akwatin na kan taga."

"Inna," Hafsatu ta ce. "Ke? Ke da ko kujera ba kya iya hawa?"

"Ban ce na hau katanga ba. Na ce na ɗauka."

"Kika ba wa?"

Inna ta jawo Sauda jikinta, ta shafa kan yarinyar, inda baƙin gashi ya fara fitowa a ƙarƙashin jan.

"Yara goma sha ɗaya aka koro daga asibiti a unguwar nan, wai damtsensu bai kai ba. Biyu mun binne su kafin kaka. Tara suna nan suna yawo, wannan ce ta tara. Ban san gilashi zai faɗo a kan baiwar Allah ba, wannan kuma zan amsa shi a gaban Ubangiji."

Uwaisu ya zame ya zauna a ƙasa.

Hafsatu ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, ta riƙe gwiwarta.

"Inna, gobe da hantsi Malam Abdussalam suna yake so. In ban kai ba, Yaya za a tafi da shi. Kuma ga Zulaihatu can a gida, an ɓata mata suna a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Don Allah ki faɗa mini, wa ya zo ya karɓi makullin nan a hannunki?"

Inna ta daɗe tana kallonta.

"Ke kaɗai ce a garin nan kike rantsuwa a kan abin da ba ki sani ba."

"Ban gane ba, Inna."

"Zulaihatun ce ta zo. A kan tabarmar can ta zauna, ta ce in ɗauko mata."